Ranar da Na Kai wa Inna Faifan Gwaji

Ƙanena ne ya kawo maganar, wata ranar Juma'a da ya shigo Gusau neman taki. Ba a daɗe da ba mu jiha ba a lokacin, gari ya cika da ma'aikatan da aka kwaso daga Sakkwato, kowa na farautar ɗakin haya, hatta mai tumatir ya ji labarin an yi jiha ya ƙara kuɗi. Ya ci tuwo, ya sha ruwa, ya yi ta kewaye-kewaye a kan damina da wahalar man fetur. Sai da ya tashi ya zura takalmi ƙafa ɗaya sannan ya ce Innarmu fa ta fara mantuwa. Takan zuba wa miya gishiri sau biyu. Ta kwance awaki da tsakar rana suka faɗa gonar maƙwabta, ta rantse ba ita ta kwance su ba. Ran nan kuma ta ce a kai wa yayarta fura, yayar da ta rasu tun ban yi aure ba.

"Tunda ke kinka yi karatun ƙwaƙwalwa," in ji shi, "ki taho ki duba muna ita. In tsuhwa na, mu sani. In wani abu na, mu sani."

Na yi dariya na ce gishiri kam ni ma nakan zuba sau biyu, maigidana shaida ne. Na ce ina tafe da zarar na sami sarari. Ya tafi, ni kuma na koma na zauna, na daɗe ban kwashe kwanukan ba. Tsoro ne ya kama ni. Na san sunayen cututtukan da kan fara da gishiri sau biyu, na kuma san inda suke ƙarewa, don na rubuta jarrabawa a kansu har na ci.

Ya kamata in faɗi irin karatun da nake yi, don har yau akwai dangina da suke zaton allura nake yi wa mahaukata. Ni malamar makaranta ce. Daga makarantar horon malamai aka tura ni wata firamare a Tsafe, aka ba ni aji uku, a nan kuwa abin ya fara damuna. Yaran da zan koya wa bakwai sau takwas da safe, kafin a fita tara sun zubar da shi, su ne kuma da an tashi za su kafa da'ira a gindin dalbejiya su rera waƙar gaɗa mai tsawon hanyar Funtuwa, ba tuntuɓe ko ɗaya. Na yi faɗa, na yi tsawa, ba abin da ya canza. Da na gaji sai na mai da lissafin waƙa, sai ga shi ya zauna daram. Kan nan ɗaya ne, yaran nan su ne, to me ya sa wani abu ke shiga ya zauna, wani kuma ya leƙa ya wuce? Tambayar nan ce ta kai ni jami'a, da goyo a bayana.

A can na karanta ilimin halayyar ɗan Adam, wanda 'yan ajinmu suke kira saikoloji don a san sun yi boko. Fanni ne mai rassa da yawa, amma reshen da ya tafi da ni shi ne mai bin diddigin yadda hankali ke aiki: yadda mutum ke lura da abu, yadda yake adana shi, da yadda yake lalubo shi in ya buƙata. Ba na manta darasin da ya kama ni. Malaminmu na tsakiyar bayani sai wani mutum ya faɗo ajin a guje, ya fizge hular malam ya fice. Muka miƙe ana ta salati. Malam ya ce kowa ya zauna ya kwatanta ɓarawon. Ni na ba shi gemu da shuɗiyar riga, da an ce in rantse da na rantse. Ta kusa da ni har tsagar Gobirawa ta yi masa. Da aka kira shi ya dawo da hula yana murmushi, ashe masinjan sashenmu ne da muke gaisawa da shi kullum, haɓarsa tas kamar tafin hannu, rigarsa kuma fara. Tun daga ranar in mutum ya ce mini ya gani da idonsa, sai in ce to, amma a raina ina nan ina jira.

Bayan digirin farko na dawo Gusau ina koyarwa, daga baya na koma neman na biyu. A gida kuwa ba wanda ya fahimci abin. Goggo, ƙanwar mahaifina da ta riƙe ni a Sabon Gari, ta sanar da unguwa kaf cewa 'yarta ta zama likitar taɓin hankali. Aka fara yi mini sallama tun ban karya ba. Wata ta kawo ƙarar mijinta, wai ya daina magana tun da aka yi masa ritaya. Wata kuma mafarki ta kawo, ta ga raƙumi a cikin randa, in fassara mata. Maigidana shi ma ya sami abin tsokana. In ya dawo daga ofis a makare sai ya shigo yana kare fuska da jarida, wai kada in karanta abin da ke ransa. Nakan ce masa wannan ba sai da digiri ba, ƙamshin tsire ya riga shi shigowa.

Kundin da zan rubuta a kan tunawa ne, a wurin tsofaffin matan karkara da ba su taɓa zama a aji ba. Gwaje-gwajen da ke cikin littattafanmu duk na waɗanda suka saba da biro ne: maimaita lambobi a juye, zana agogo, faɗin sunan wata da shekara. Tsohuwar da ke auna lokaci da inuwar rumbu, in ka ce ta zana agogo ta kasa, ai ba ƙwaƙwalwarta ka gwada ba. Don haka na ƙirƙiro nawa. Na sami faifai na jera masa kayan da kowace mace ta sani, goro da allura da zare, ashana, daddawa, barkono, kanwa, kwalli, mataji, zobe, da ɗan guntun sabulun salo. In nuna wa tsohuwa ta kalla ta taɓa, in rufe da ɗankwali, mu ɗan taɓa hira, sannan in ce ta faɗa mini abin da ke ƙarƙashi. Malamin da ke duba aikina ya jujjuya faifan a hannunsa, ya ce ba laifi, amma da sharaɗi ɗaya, ban da dangi. Mai gwada danginsa, in ji shi, amsar da yake so ita yake ji. Na karɓi sharaɗin nan hannu bibbiyu. Ƙanena yana can yana jira, ni kuma na sami hujja daga bakin malami.

Garin Inna ta hanyar Sakkwato ake zuwa, Kekun Waje a ƙasar Bungudu. Ni kuwa duk Asabar sai in hau motar hanyar Funtuwa, in sauka Tsafe, in shiga Kucheri, inda wata tsohuwar abokiyar aikina take aure. Ita ke tara mini tsofaffin unguwa a tsakar gidanta.

Ban taɓa yin dariya a kan aiki irin ta damunar nan ba. Ta farko da na ajiye wa faifai ta dube shi, ta dube ni, ta gyara zama ta ce ita dai a duba mata ko ɗanta da ya tafi Legas zai dawo bana. Na yi bayani har bakina ya bushe cewa ni ba duba nake yi ba. Ta ce to ai ba komai, masu yi ma haka suke cewa. Wata kafin in rufe ta ɗauke goron ta jefa a baki. Na bar ta, muka yi hira, ta lissafo komai tsaf ban da goro. Na ce mata saura ɗaya. Ta ce ai ta san da shi, amma ai cewa na yi abin da ke ƙarƙashin ɗankwali, shi kuwa ya riga ya wuce. Akwai wadda ta ƙi ƙememe, ta ce ni da na zuba kayan da hannuna in ban san su ba, to ni ya kamata a gwada. Wata kuma ta sansana daddawar ta yamutsa fuska.

"Wagga daddawa ta Gusau ta," ta ce. "An cuce ki, ɗiyata."

Washegari ta aiko mini da tata a ƙunshe, kuma gaskiyarta ce, ta fi tawa nesa ba kusa ba.

A cikin wannan raha aikin ya yi kyau. Na lura ba a warwatse suke tuno kayan ba. Kusan kowace sai ta fara kwaso kayan miya a haɗe, sannan na ɗinki, sannan na kwalliya, kamar mai jera ɗaki. Littattafanmu sun faɗi haka, cewa hankali a dami-dami yake ɗaukar kaya, amma ganinsa a bakin tsohuwar da ba ta san da littafin ba wani daɗi ne daban. Nakan dawo Gusau da yamma a matse a bayan mota, kaza a kan ƙafata, ina murmushi ni kaɗai. Abin da na gani a tsakar gidan nan shi ne daga baya ya zama babi mafi tsawo a kundina.

Sai wata Asabar aka kawo mini wata tsohuwa fara, mai tsafta, surukarta na riƙe da hannunta. Ta kalli faifan da kyau, ta taɓa komai. Na rufe. Ta tambaye ni daga ina nake, na faɗa mata. Na ce to me ke ƙarƙashin ɗankwali? Ta yi murmushi mai kyau, ta shafa ɗankwalin, ta ce yana da kyau, sannan ta sake tambayata daga ina nake. Ranar da wuri na tattara kayana. A mota Inna kawai nake gani.

Akwai wani abin da ƙanena bai yi la'akari da shi ba, ko kuma ya yi ya share. Ni ce 'yar fari. Mutanenmu asalinsu masu shanu ne da suka zauna suka kama noma, kuma kunyar ɗan fari a wurinsu ba wasa ba ce. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Goggo a Gusau. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, "ta Gusau" take ce mini, shi ma ba a gabana ba. In na je hutu na durƙusa na gaishe ta, bango take amsa wa, ko akuya in tana kusa. Ba ta ci a gabana, ba ta zama tabarma ɗaya da ni. In ta dama fura sai ta ajiye a tsakar gida ta ce wa iska a gaya wa ta Gusau ga fura nan, alhali ina zaune ina jin ta. Ranar aurena gidan maƙwabta ta wuni. Da na haihu ta aiko da man shanu cike da ƙwarya, ba saƙo ko na kalma ɗaya.

Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, kowa ya san haka ake yi, kuma da ta yi akasin haka da ta zama abin zunɗe a gari. Amma ina yarinya na yi kishin ƙanena ƙwarai. Ta kira sunansa daga bakin rijiya, ta ja kunnensa, ta zage shi tas. Zagin nan ma sha'awa yake ba ni. Na girma, na yi aure, na haifi nawa, abin bai bar ni ba, na dai koyi rufe shi da dariya.

To yaya zan ajiye faifai a gaban matar da ba ta kallon fuskata in ce ta ba ni amsa? In ta yi shiru, ta ina zan bambanta kunya da mantuwa? Wannan ita ce hujjata ta biyu, ta ma fi ta malam ƙarfi. Da su biyun na yi ta jan ƙafa har damina ta wuce.

Goggo ce ta kwance mini su a zama ɗaya. Ƙanena ya aiko wani direban mota da saƙo cewa har yanzu suna saurare, saƙon kuma a gidanta ya sauka. Ta aika aka kira ni. Ba ta ko bari na gama gaisuwa ba.

"Kin gama auna uwayen mutane," ta ce. "Taki hwa?"

Na fara kawo maganar malam da sharaɗinsa. Ta ce malamin nan shi ma ai mace ta haife shi. Na sha ruwan da aka kawo mini, na ce jibi zan tafi.

Lokacin kaka ne, ana yankan gero. Motar Bungudu ta cika har ƙofa ba ta rufuwa, direba na ta mitar man da ya saya a galan. Daga Bungudu na hau babur na kabu-kabu, ina riƙe da jaka da hannu ɗaya, ɗayan kuma na dafe tabarau, don a shekarar karatu ya sa na fara sa shi kuma ban saba ba tukuna. Na daɗe rabona da garin, karatu da koyarwa sun cinye mini hutu biyu a jere. Hanya duk damman gero ne a jingine, ga ƙamshin sabon kara.

Na tarar da gidan shiru. Ƙanena yana gona, matarsa ta bi shi da abinci. Inna kaɗai ce a inuwar rumbu, ta miƙe ƙafa tana ɓarar gyaɗa. Na yi sallama, na cire takalmi, na nufi inda na saba durƙusawa, can nesa kusa da turmi. Sai ta ɗago kai ta dube ni, cikin ido.

"Lale, lale," ta ce. "Taho nan, zamna. Rana ta yi zahi."

Ta bubbuga tabarmar da take kai, dab da ita.

Na lura, ba zan ce ban lura ba. Amma nan take na ba kaina bayani. Na ce tsufa kan sassauta kunya, na sha ganin tsofaffi suna hira da 'ya'yansu na fari bayan an tara jikoki. Na ce kuma ƙanena ya riga ya gaya mata abin da zai kawo ni, ta daure ne don a yi a gama. Bayanin ya gamsar da ni cikin sauƙi, don daɗi ya riga ya rufe ni. Na zauna, gwiwata na taɓa tata. Ranar na fara ganin fuskar uwata a kusa. Ashe tana da ɗan tabo a gefen gira, ashe kuma hancina nata ne sak, ni da aka yi ta ce mini na gidan ubana na ɗauko.

Ta tashi ta damo fura, ta miƙo mini da hannunta. Na sha, ta karɓi ludayin ta sha, ta sake miƙo mini. Ta tambayi hanya, ta tambayi ko an yi ruwa sosai a wajenmu bana, ta ba ni labarin wata akuyarta mai satar dawa da ta gagari kowa. Ashe Inna mai ban dariya ce. Shekara talatin da ɗoriya ban san haka ba. Ta kwaikwayi tafiyar akuyar da kafaɗa, na yi dariya har na ƙware.

Da na ga hira ta yi daɗi sai na ciro faifai. Ta tafa hannu, ta ce wannan kuma wane irin talla ne. Na gaya mata yadda ake yi. Ta bi kayan ɗaya bayan ɗaya, ta lasa kanwar ta ce mai kyau ce, ta ɗaga allurar ta ce ta yi mata ƙanƙanta yanzu, ta yaba daddawar Kucheri. Na rufe da ɗankwali, muka koma kan akuya. Sannan na ce to, Inna, me ke ƙarƙashi?

Ta fara da kayan miya, daddawa, barkono, kanwa. Ta kawo allura da zare. Ta ɗan tsaya, ta kawo ashana da goro da kwalli, can kuma ta tuno sabulu. Mataji da zobe ne kawai suka kuɓuce mata. Ta fi da yawa daga cikin matan Kucheri, har da waɗanda ta girma. Wani sanyi ya sauko mini tun daga kai har ƙafa. Na fara shirya faɗan da zan yi wa ƙanena, shi da ya hana ni barci damina guda a kan gishiri. Har na tsara yadda zan ba Goggo labari, da yadda zan ce wa malam na karya sharaɗinsa kuma ban yi nadama ba.

Ina naɗe ɗankwalin ne ta ce, "Malama, halama daga asibiti anka turo ki?"

Na ɗauka wasa take, irin na akuya. Na ce a'a, daga Gusau dai.

"Gusau," ta ce, fuskarta ta washe. "Ina da ɗiya can. Malama ta ita ma, babba. Ko kin san ta?"

Abu na farko da ya zo mini shi ne tabarau. Na cire shi da sauri, na tura gyalena baya, na juyo mata da fuskata sosai. Ta dube ni da kulawa, ta ce idanuna sun yi ja, in riƙa sa kwalli, ga shi ma ina yawo da shi a faifai. Daga nan na daina yaudarar kaina. Fuskar da ta shekara talatin tana kau da kai daga gare ta, ita ce ta fara sulluɓe mata. Barkono da kanwa suna nan, kunyar ma tana nan ba ta je ko'ina ba, ni ce dai ba ta gane ba. Baƙuwa ta gani ta yi wa shimfiɗa.

Na san abin da ya dace. In ce mata a hankali, Inna ni ce. Bakina har ya buɗe. Amma na san abin da zai biyo baya in ta gane, za ta janye ƙafarta, ta juya ga bango, ta yi ta jin nauyin furar da muka sha da ludayi ɗaya. Kuma, gaskiyar magana, ban ƙoshi ba.

Na ce, "Na san ta."

Ta ji daɗi ƙwarai. Ta matso, ta ajiye gyaɗar gefe. Ta ce ai ta san za a san ta, don an ce karatunta ya wuce na maza. Ta ce tun tana jinjira ba ta da kuka, sai kallo, ta ƙura wa abu ido kamar mai bin sa bashi. Ta ce bahaguwa ce, Goggonta ce ta hana ta, amma har yanzu in aka ajiye mata tuwo hagun take fara motsawa sannan ta tuna. Na dubi hannuna. Na tambaye ta yaya aka yi ta sani, tunda ba ta zama in ɗiyar na ci. Ta yi dariya ta nuna mini zanan da ke bayan madafa, ta ce akwai wata kafa a jiki daidai tsayinta, shekara da shekaru duk wanda ya zo gyaran zana sai ta ce a bar wurin, iska ke shiga.

Sannan ta ba ni labarin ranar da aka tafi da ni. Ta ce mata sun cika gida suna kallon ta, su ga ko za ta nuna wani abu. Ta ɗauki taɓarya ta kama daka, ba ta ko waiwaya ba, har aka yi ta yaba mata. Da gida ya watse sai ta ce za ta ɗebo itace. Ta shiga cikin gero, lokacin ya fi mutum tsawo, ta bi masu tafiya da ni ta gefe har inda ake jiran mota. Tana tsugune a cikin kara har motar ta zo ta tafi. Ta dawo gida da itace 'yan ƙwarori, uwar mijinta ta yi mata faɗan lalaci.

"Nono ya yi ta zuba," ta ce. "Nid ɗaure shi da zane. Ba wanda ya sani."

Duk tsawon hirar nan ba ta faɗi sunan ɗiyar ba. Na gwada sau ɗaya, na ce malamai suna da yawa a Gusau, wace ce daga ciki. Ta rufe baki da gefen zane, ta kau da kai tana murmushi, ta ce haba Malama.

Muna nan sai ga sallamar ƙanena, ya shigo da damin gero a ka, matarsa na biye da kwanuka. Ya gan mu a tabarma ɗaya, ƙwarya a tsakaninmu, hannun Inna a kan gwiwata. Ya tsaya cak. Ya dubi faifan, ya dube ni. Na girgiza masa kai kaɗan don kada ya yi magana. Ya sauke damin a hankali ya jingine shi da rumbu, ya juya mana baya yana gyara ɗaurin da ba abin da ya same shi. Bai tambaye ni abin da na gani ba, ranar ko bayanta.

Inna ta ga mutane sun shigo, sai ta kama wuyan hannuna ta jawo ni kusa, ta rage murya.

"Ke dai Malama, in kin koma, kar ki hwaɗa mata na ce komi. Ba ni iya haɗa ido da ita."

Na ce ba zan faɗa mata ba. Ta ce in yi alkawari, na yi. Sannan ta saki hannuna, ta turo mini ƙwaryar, ta ce in ƙara, hanyar Gusau da nisa.